ASUNWON: Ɗan'uwan Rai-Ɗore Da Ke Tsiro A Kurmi

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Ikko zuwa Badun, ko daga Binin zuwa Anaca, wajen ƙarshen damina, in dai ba barci ya yi a hanya ba, ya ga wani ɗan itace a gefen titi, musamman inda ruwa ke kwanciya, mai faffaɗan ganye da furanni rawaya a tsattsaye sai ka ce an kakkafa kyandir. Yana nan a bakin lambatu a Agege, yana nan a kangwayen filaye bayan Sabo ta Shagamu, har a gefen zangon shanu a kan same shi. Yawancin mutanenmu su kan wuce shi ba su ko kalle shi ba, sun ɗauka ciyawar Kurmi ce kawai wadda ba ta da wani amfani. Alhali kuwa ɗan gidan su tafasa da rai-ɗore da filasko ne, kuma yana maganin wani ciwo da ke damun gidajen 'yan Arewa a nan Kudu fiye da yadda ya ke damunsu a gida.

Yarbawa suna kiransa asunwon oyinbo. Da wannan suna za a ci gaba da kiransa a nan, tun da shi ne sunan da mutum zai ji in ya je wajen masu sayar da ganye a kasuwannin ƙasar Yarbawa. Turawa kuma suna da sunaye biyu da su ke kiransa da su, ɗaya ma'anarsa itacen kyandir, ɗaya kuwa itacen makero. Wannan suna na biyu shi ne dalilin wannan bayani.

Kowa ya san yadda iskar Kudu ta ke. Ruwan da a ke yi a Ikko a shekara ya kusa ninka na Kano, na Fatakwal kuwa ya wuce milimita 2,000. Mutum ya yi wanka, kafin ya gama sa riga ya sake jiƙewa da gumi. Ga ɗakunan haya ƙanana, ga yawan jama'a, tabarma ɗaya, tawul ɗaya, injin aski ɗaya a kan yara goma. To, irin wannan zama shi ƙwayoyin cutar fata su ke so, watau ƙwayoyin nan dangin fumfuna da ke kawo makero da kyasbi da ƙora. Yaron da ya zo daga Daura ko Gumel da fatarsa sumul, bayan damina ɗaya sai a ga zobe-zobe a wuyansa yana ta susa. Uwa ta aika a sayo man shafawa a kemis, kuɗi su tafi, abu ya lafa kwana biyu ya dawo, ga kuwa itacen da zai taimaka yana tsaye a bayan katanga.

YADDA ZA A GANE SHI

Asunwon ba ya zama babbar bishiya. Tsawonsa ya kan kai ƙafa 10 zuwa 12 in ya sami wuri mai laima, amma an fi ganinsa daidai tsayin mutum, da rassa kaɗan masu kauri da suka baje gefe da gefe. Ba shi da ƙaya.

Ganyen ne farkon shaida. Tsarinsa irin na tsamiya ne, watau sanda ɗaya a tsakiya, ƙananan ganye sun jeru bibbiyu hagu da dama, babu guda tilo a ƙarshe. Sai dai girman ba ɗaya ba ne ko kusa. Sandar ganye ɗaya ta kan kai ƙafa 2, wani lokaci ta wuce, tana ɗauke da jeri 8 zuwa 14, kowane ƙaramin ganye kuma tsawonsa ya kai yatsa ko tafin hannu, bakinsa a dunƙule ba tsini. Waɗanda ke can ƙarshen sanda sun fi girma. Jerin farko kuwa, wanda ke manne da reshe, ƙarami ne kuma ya kan juya baya kamar kunnen akuya. Da magariba ta yi sai ganyen su haɗe bibbiyu su rufe, ba su buɗewa sai gari ya waye. Wanda ya dasa shi bai san haka ba sai ya zaci itacen ya yi yaushi ne, ya yi ta zuba masa ruwa a banza.

Furen ba ya ɓoyuwa. Yana fitowa a kan wani dogon tsinke da ya miƙe sama sosai. Waɗanda ke ƙasa su ne ke fara buɗewa, rawaya shar, na sama kuwa suna nan a dunƙule cikin wani ɓawo mai ruwan goro mai ɗan sulɓi, shi ya sa daga nesa ya ke kama da kyandir da harshen wuta a kansa. An fi ganin furen daga ƙarshen damina zuwa farkon rani. Wani abin sha'awa shi ne, garin furen a kulle ya ke cikin wasu 'yan jakunkuna masu ƙaramar kafa, ba ya zubowa sai manyan ƙudan zuman nan baƙaƙe masu ƙugi sun sauka sun girgiza shi. Saboda haka kada yara su riƙa korarsu, su ne ke sa itacen ya yi 'ya'ya.

Amma shaidar da ba ta da gardama ita ce kwanson 'ya'yan. Dogo ne, inci 6 zuwa 10, miƙaƙƙe, kuma yana da fiffike da ya bi tsawonsa daga kai har gindi ta kowane gefe, har in aka yanka shi a tsakiya sai a ga kusurwa huɗu. Yana fara da kore, in ya nuna ya koma baƙi, in an girgiza shi ya yi kacau-kacau. A ciki akwai ƙwayoyi wajen 50 zuwa 60, faɗi-faɗi masu kusurwa. Sunan da masana suka ba itacen, Senna alata, daga nan ya samo asali, gama alata da Latin ma'anarta mai fiffike. In mutum bai ga wannan fiffike ba, to, ya dakata tukuna.

Dalilin wannan dogon kwatance shi ne akwai 'yan'uwansa masu rawayan fure da a ke rikita su da shi, kuma ba aikinsu ɗaya ba. Rai-ɗore, wanda waɗansu ke kira sanga-sanga, Yarbawa kuma su ce rere, shi ma ya cika juji da gefen hanya a Kudu. Shi jerin ganyensa bai cika wuce 4 ko 5 ba, bakin ganyen da tsini, in an murza yana da wari, kuma a gindin sandar ganyen akwai wani ɗan baƙin ƙululu kamar ƙwayar gero, wanda asunwon ba shi da shi. Kwansonsa siriri ne, a ɗan lanƙwashe, ba fiffike. Tafasa kuwa ba sai an kwatanta wa Bahaushe ita ba, jeri 3 ne kacal, kwansonta kamar lauje. Akwai kuma wanda Yarbawa ke kira asunwon ibile, watau na gida, wanda shi ɗan asalin Afirka ta Yamma ne. Jerin ganyensa kaɗan ne, kwansonsa a shimfiɗe ya ke ba fiffike, kuma an fi saninsa da wankin ciki. In mai saye ya ce asunwon kawai ya yi shiru, kowanne mai sayarwa ta miƙo masa ba ta yi ƙarya ba.

A kan rai-ɗore akwai gargaɗi na musamman. Ɗanyen 'ya'yansa guba ne. Shanu da tumaki da kaji da suka ci su da yawa, ko aka haɗa musu cikin dusa, su kan kasa tashi saboda naman jikinsu ya lalace, waɗansu su mutu. A ƙasar Indiya, a yankin Saharanpur na Jihar Uttar Pradesh, an yi shekaru yara na mutuwa a ƙarshen kowace damina da wani ciwo mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa, ana zaton cutar sauro ce, sai a 2007 likitoci suka buga binciken da ya nuna ɗanyen 'ya'yan rai-ɗore ne yaran ke ɓarewa suna ci a wajen wasa. Fataken shanu da masu kiwon ragunan layya a Ikko da Lokpanta, da iyayen da yaransu ke wasa a kango, ya kamata su san da wannan.

Asunwon oyinbo baƙo ne a Afirka kamar yadda sunansa ya nuna, tun da oyinbo da Yarabanci Bature ke nan. Haka mu ma mu ke yi wa baƙon tsiro, mu ce dankalin Turawa, waken Turawa, gwandar Masar. Asalinsa ƙasashen Amurka masu zafi ne, daga Meksiko har Barazil, daga can aka yaɗa shi zuwa Afirka da Asiya saboda kyan furensa da kuma magani. Wani masanin tsirrai mutumin Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya rubuta shi a 1753 da sunan Cassia alata. A 1982 waɗansu masana biyu, Irwin da Barneby, suka sake tsara dangin baki ɗaya, daga nan sunan Senna alata ya zauna. Saboda haka ɗalibin da ya ga Cassia a tsohon littafi, ya ga Senna a sabo, kada ya rikice, itace ɗaya ne. Kalmar Senna ɗin ma ba baƙuwarmu ba ce, daga Larabci ta fito, ita ce ke cikin sanamaki da alhazai ke sayowa don wankin ciki.

Dukansu dangin wake ne, babban gidan da ya haɗa gyaɗa da gujiya da tsamiya da ɗorawa da gawo da bagaruwa. Amma a nan akwai kuskuren da manoma ke yi. Wake da gyaɗa suna da 'yan ƙululai a jikin saiwarsu inda waɗansu ƙwayoyin halitta ke tara naitirojin daga iska, shi ya sa su ke gyara ƙasa. Dangin Senna ba su yin waɗannan ƙululai. Wanda ya shuka asunwon a lambu don ya ƙara wa ƙasa ƙarfi irin na wake, ya yi aikin banza, sai dai ɗan takin da ganyen da suka zube za su bayar.

ABIN DA YA KE YI, DA WANDA BA YA YI

Masana sun sami waɗansu sinadarai a ganyen, irin su rhein da chrysophanol, waɗanda ke hana ƙwayoyin makero yaɗuwa. Ba a nan kaɗai aka san haka ba. A ƙasar Filifin, inda su ke kiransa akapulko, yana cikin tsirrai 10 da Ma'aikatar Lafiya ta ƙasar ta amince jama'a su yi magani da su, har ana yin man shafawa da shi. A Indiya an buga wani bincike a 1994 da ya nuna ruwan ganyen yana kawar da kyasbi. A nan gida kuma malaman sashen harhaɗa magunguna na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, cikinsu har da Farfesa Anthony Elujoba, sun daɗe suna aiki a kan asunwon iri biyun nan, har sun gwada sabulun da aka haɗa da garin ganyen a kan masu cutar fata.

Yadda a ke amfani da shi babu wuya. A tsinko ɗanyen ganye mai lafiya, a wanke shi sosai, a daka ko a murje har ruwan ya fito. A wanke wurin da sabulu, a tsane shi, sa'an nan a goga ruwan ganyen a kan zoben har a ɗan wuce bakinsa, gama a bakin zoben ne cutar ke ci gaba. Safe da yamma. A fara gwadawa a ɗan ƙaramin wuri, don akwai fatar da ba ta jure masa. Kada a sa a kan buɗaɗɗen gyambo, kada a kai shi kusa da ido. Kuma sai an yi haƙuri, don abin na makonni ne, ko an ga zoben ya dushe a ƙara 'yan kwanaki. In ba a wanke tawul da zanen gado an shanya su a rana ba, duk wahalar banza ce, cutar za ta dawo ta hanyar da ta zo. Ganyen da ya tsiro cikin lambatun da bayan gida ke bi kuwa, barinsa ya fi alheri, wannan ma na cikin dalilan da suka sa ya kamata mutum ya shuka nasa.

To, ga inda iyaye da yawa ke yin asara. Ƙorar da ke kan yaro, wadda ke cinye gashi ta bar fari-fari, ba ta jin shafe-shafe, ko na ganye ko na kemis, domin ƙwayar cutar ta shige cikin silin gashi inda abin shafawa ba ya kaiwa. Sai maganin sha, kamar griseofulvin, wanda likita zai rubuta a sha mako 6 zuwa 8. In aka tsaya shafe-shafe har kan ya kumbura ya yi ruwa, gashin wurin yana iya tafiya ke nan har abada. Haka kuma makeron da ya shiga farce. Ƙazuwa kuwa wani ɗan ƙwaro ne ke haƙa fata, maganinta daban, kuma sai an yi wa mutanen ɗaki gaba ɗaya.

Wanda ya fi duka haɗari shi ne tabon da ya yi haske a fata, ba ya ƙaiƙayi, in an taɓa shi da auduga ko tsinke mutum bai ji ba. Wannan ba kyasbi ba ne, yana iya zama farkon kuturta. Tana warkewa sarai in an kama ta da wuri, kuma tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke bayar da maganinta kyauta ta hannun gwamnatoci. Duk watan da aka ɓata ana goga ganye a kan irin wannan tabo, jijiyoyin hannu da ƙafa ne ke lalacewa, su kuwa ba su dawowa. Ko makeron gaskiya ne, in an yi mako 3 ana shafawa ba a ga sauƙi ba, sai asibiti.

Su ma mayukan nan da a ke cewa suna maganin komai, masu haɗin magani uku a bututu ɗaya, waɗanda wasu ke saye har don ƙarin hasken fata, ba su da kirki a kan makero. Akwai sinadarin sitiroyid a cikinsu wanda ke kashe ƙaiƙayi nan take, mutum ya zaci ya warke, alhali cutar na ta faɗaɗa a ƙarƙashi.

Game da sha kuwa, gaskiya ne dafaffen ganyen yana sa zawo, an ma gwada shi a asibitocin ƙasar Tailan a kan masu taurin bayan gida, aka buga sakamakon a 1990 cewa yana aiki, amma waɗansu sun yi fama da murɗar ciki da tashin zuciya. Mace mai ciki, da mai shayarwa, da ƙananan yara, babu ruwansu da shi. Wanda kuma ya mai da wankin ciki al'adar kowane mako, hanjinsa zai saba har ya ƙi aiki sai da shi.

SHUKA SHI

Shukarsa ba ta da wahala, abin da ya ke so rana ce da ruwa. A inuwa zai yi tsawo ya rame, ba zai yi fure ba. A sami kwanso baƙi wanda ya bushe a jikin itacen, a ɓare, a zaɓi ƙwayoyi masu nauyi waɗanda ƙwaro bai huda ba. Ɓawon ƙwayar yana da tauri ƙwarai, in aka binne ta haka nan tana iya yin watanni ba ta tsiro ba. Sai a ɗan goga gefenta a kan dutse ko siminti har a ga fari-fari, ko kuma a zuba mata ruwan zafi wanda aka sauke daga wuta, a bar ta ta kwana a ciki. Wadda ta kumbura da safe ta shirya. A binne ta zurfin rabin inci, cikin mako ɗaya ko biyu za ta fito. Lokacin da ya fi kyau shi ne faɗuwar ruwan farko, watan Maris ko Afrilu a nan Kudu, in an yi haka ana iya ganin fure kafin shekara ta ƙare.

Yana buɗa rassa, saboda haka a ba shi wajen ƙafa 6 ta kowane gefe, kada a dasa shi a bakin hanyar da a ke wucewa da kaya. Inda ruwan wanka ko na alwala ke gangarawa wuri ne mai kyau. Mai zaman haya ya fara neman iznin mai gida, don a Kudu dasa itace a filin wani ba ƙaramar magana ba ce, a kan ɗauke shi kamar neman kafa hujjar mallaka, an sha yin rigima a kan abin da bai kai wannan ba. In bai yarda ba, rabin durom da aka huhhuda gindinsa ya isa, a cika shi da ƙasa da ruɓaɓɓen kashin shanu, sai dai za a riƙa ba shi ruwa kullum da rani, kuma ba zai yi girman na ƙasa ba. Tushe ɗaya ya ishi gida guda, har da maƙwabta.

Bayan ya gama fure a sare rassan, a bar kamar ƙafa 2 ko 3 daga ƙasa. Zai yi sabon toho mai yawan ganye, ga shi kuma iska ba za ta karya shi ba, gama rassansa ba su da ƙwari. Za a riƙa ganin tururuwa na hawa da sauka a jikinsa saboda wani ɗan zaƙi da ke fita a gindin ganye, ba su yi masa komai. Tsutsar malam-buɗe-littafi ta kan ci ganyen, a tsince ta da hannu kawai. Kada a fesa maganin ƙwari a ganyen da za a shafa wa yaro. Awaki ba su cika kula shi ba.

Abu ɗaya da za a kiyaye shi ne yawan 'ya'yansa. Ƙwaya 50 a kwanso ɗaya, kwanso da yawa a reshe ɗaya, kuma ruwa na kwasarsu ya kai nesa. A arewacin Ostireliya ya cika bakin koguna har gwamnati ta sa shi cikin ciyayin da doka ta ce a kawar. Saboda haka a bar kwanso biyu ko uku don iri, sauran a yanke tun suna kore.

Mai son kai shi gida ya tsinki irin a watan Disamba ko Janairu, ya shanya, ya zuba a kwalba mai murfi. A Kano ko Katsina ko Sakkwato ba zai rayu a tudu da ruwan sama kaɗai ba, sai a fadama, ko lambu, ko kusa da rijiya. In hunturu ya yi tsanani zai zubar da ganye, kada a tumɓuke shi, a sare shi kawai a ci gaba da ban ruwa, zai tofo da bazara.